Abdullahi ɗan Fodiyo: malamin da ya auna nasa da mudun da ya auna Gobir

Wajen shekarar 1807, lokacin da jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ke cin gari bayan gari a ƙasar Hausa, mutum na biyu a tafiyar ya sulale daga sansani da ƴan abokan tafiya kaɗan, ya nufi gabas da niyyar ba zai dawo ba. Ƙanen Shehu ne kuma wazirinsa. Shi ya ja runduna a Tabkin Kwatto, shi ya ci Birnin Kabi. Abin da ya kore shi kuwa a cikin gida yake: kwaɗayin sarauta, cin ganima ba bisa ƙa'ida ba, rashawa, da mutanen da suka naɗa rawanin alƙalanci alhali idonsu na kan dukiyar masu ƙara. Tafiyar ta tsaya a Kano, kuma a can ya rubuta Liya'ul Hukkami, littafin da ya zama madubin sarakuna da alƙalan daular Sakkwato.

Mutanen Adar suna da dalilin sanin wannan malami fiye da yadda aka saba. Asalin gidansu da babban malaminsa duk suna cikin ƙasar da a yau ake kira jihar Tawa. Tambayar da ta dame shi tsawon rayuwarsa, wato ko talaka zai iya kai wa ga alƙali, kuma in ya kai ko za a saurare shi kamar yadda ake sauraron mai hali, har yanzu ana yin ta a zaurukan hakimai da harabar kotuna daga Ƙonni zuwa Cintabaradan.

Tushe a Ƙonni da Maratta

Zuriyar su Abdullahi Fulani ne Toronkawa, waɗanda kakansu Musa Jakollo ya taso da su daga Futa Toro suka zauna a ƙasar Ƙonni. Daga baya suka koma Maratta, kusa da Galmi ta yau, inda aka haifi Shehu Usmanu a watan Disamba na 1754. Gidan ya sake ƙaura zuwa Degel, a ƙasar Gobir. An haifi Abdullahi wajen 1766, wato Shehu ya girme shi da kimanin shekara 12. Mahaifinsu Muhammadu Fodiyo ne ya koya masa Alƙur'ani, kuma da ya kai shekara 13 sai ya danƙa shi a hannun yayansa.

Daga nan rayuwar ƴan'uwan biyu ta zama ɗaya. Abdullahi ya karanta fiƙihu, tauhidi, nahawu da luga a wurin Shehu da kawunnansu da sauran malaman yankin, ya kuma jera sunayensu da littattafan da ya ɗauka a wurin kowane a cikin Ida'un Nusuhi, wanda ya rubuta a 1812. Cikin waɗannan malamai, wanda ya fi barin tambari a zukatansu shi ne Malam Jibrilu ɗan Umaru, mutumin Adar, wanda ya zauna Agadas, ya je hajji sau biyu, ya haɗu da babban malamin nan Murtala Zabidi a Alƙahira. Shehu da Abdullahi sun je wurinsa bayan dawowarsa daga hajji na biyu, ya ba su ijaza. Kabarinsa yana kusa da Madawa.

Malam Jibrilu mutum ne mai zafi a kan ɓarna, har ya kai ga kafirta Musulmin da ke aikata wasu manyan zunubai. Almajiransa biyu sun girmama shi iya girmamawa, Abdullahi ma ya yi masa waƙar yabo, amma Shehu ya rubuta a fili cewa a wannan mas'ala malaminsu bai dace ba, domin zunubi ba ya fitar da mutum daga addini. A irin wannan makaranta Abdullahi ya tashi, inda girman mutum ba ya hana a duba hujjarsa.

Yana ɗan shekara kusan 20, suna yawon wa'azi a ƙasar Zamfara, wani malami mai suna Mustafa Gwani ya aiko wa Shehu da waƙa yana sukar yadda mata ke halartar wa'azinsa. Shehu ya umarci ƙanensa ya mayar da amsa. Hujjar Abdullahi ita ce barin mata cikin jahilcin addininsu ya fi fitowarsu muni, matuƙar an keɓe musu wuri. Tun daga wannan lokaci ake iya ganin yadda yake tunani: in mutum yana da haƙƙi, to dole a bar masa hanyar da zai kai gare shi.

Tuhumar da aka yi wa sarakunan Hausa

Wa'azin Shehu bai tsaya a kan alwala da salla ba. A taron babbar salla da aka yi a Magami wajen 1788, Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya raba wa malamai kyauta. Shehu, da Abdullahi a gefensa, ya ƙi karɓa, ya nemi a musanya masa da buƙatu biyar. Biyu daga ciki sun shafi adalci kai tsaye: a saki waɗanda ke tsare, a kuma sassauta wa talakawa haraji.

Kitabul Farƙi, littafin da ya bambanta mulkin Musulunci da wanda aka tarar, ya jera laifuffukan da sunayensu na Hausa. Akwai jangali da kuɗin gari da kuɗin salla. Akwai kamuwa, wato ƙwace dabbar talaka ko kayansa don amfanin fada. Akwai gaisuwa, kyautar da mai buƙata ke gabatarwa kafin a saurare shi. Littafin ya kuma zargi masu mulki da rufe ƙofa ga mabuƙata, da cin dukiyar mamaci, da yanke hukunci don wanda ya fi ba da toshiya. Wannan tuhuma ce ta jawo manoma da makiyaya da yawa cikin jama'a, domin kowa ya san ciwon a jikinsa.

Da al'amura suka ɓaci tsakanin jama'a da Sarkin Gobir Yunfa, aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804. A nan aka yi wa Shehu mubaya'a, kuma Abdullahi ne ya fara miƙa hannu. A watan Yuni na wannan shekara ya jagoranci jama'a a Tabkin Kwatto, suka karya rundunar Gobir wadda ta fi su dawaki da makamai. A ƙarshen shekarar aka sha kashi a Tsuntsuwa, inda malamai da mahaddata Alƙur'ani masu yawa suka yi shahada. A 1805 Abdullahi ya ci Birnin Kabi, jama'a ta sami mazauni a Gwandu.

Nasarar da ta zo da ciwo

Rashin da aka yi a Tsuntsuwa ya canja kamannin rundunar. Almajiran da suka taso a gaban Shehu sun ragu, waɗanda suka shigo don ganima sun ƙaru. A kan hanyar zuwa yaƙin Alwasa, a ƙarshen 1805, mayaƙa suka washe garin Kwalde wanda ke zaman amana da jama'a, jagororinsu suka yi ta hani ba a ji ba. Da aka haɗu da Gobirawa da Abzinawa a Alwasa, aka yi wa jama'a mummunar ɓarna.

Abdullahi ya zuba abin da ke ransa a waƙoƙin Larabci da ya tara daga baya a cikin Tazyinul Waraƙati, a 1813. A ciki ya yi kukan abokan da suka riga shi, ya kwatanta waɗanda suka rage da mutanen da burinsu mulkin garuruwa ne da tara ƙwaraƙwarai da tufafin ƙawa da dawakin sukuwa a gari. Ya ambaci cin rashawa, ya ambaci masu sayar da ƴaƴa a kasuwa kamar bayi, ya kuma ambaci masu shigar alƙalai da halin namun dawa. Ba Gobirawa yake nufi ba a nan. Mutanen da ya yi yaƙi tare da su yake nufi, waɗanda suka ɗauki tuta da sunan kawar da zalunci.

Mutane da yawa a irin matsayinsa da sun ce a bari sai an gama yaƙi. Shi ya ga cewa in abin da aka yi hijira dominsa ya lalace, to sunan wanda ke kan karaga ne kawai ya canja. Shi ya sa ya yanke shawarar barin ƙasar baki ɗaya ya tafi Makka da Madina.

Kano da Liya'ul Hukkami

Da ya isa Kano, wadda ba ta daɗe da shiga hannun jama'a ba, a zamanin Sarki Sulaimanu, sai ya tarar da irin abin da ya guje wa. Manyan jama'ar Kano suka hana shi wucewa, suka roƙe shi ya rubuta musu abin da za su riƙa dubawa wajen mulki da hukunci. Ya zauna ya karantar da su tafsirin Alƙur'ani, ya kuma rubuta Liya'ul Hukkami fima lahum wa alaihim minal ahkami, wato hasken masu hukunci a kan abin da ke nasu da abin da ke kansu. Shi da kansa ya ba da labarin cewa bayan karatun mutane sun tuba, har an mai da kwarangwal ɗin tambura abin zuba wa dawaki abinci. Daga nan aka shawo kansa ya koma wurin Shehu.

Littafin ya taɓo hijira, naɗa shugaba da mataimakansa, jihadi, siyasar shari'a da aikin hajji. Abdullahi bai yi da'awar kawo sabon abu ba. Ya tattaro ne daga manyan malaman mazhabar Malikiyya, musamman biyu. Na farko Shehu Magili, malamin Tilimsan wanda ya ratsa ƙasar Abzin ya iso Kano wajen 1492, ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa littafin nasiha da aka sani da Tajuddini. Na biyu Ibn Farhun, alƙalin Madina da ya rasu a 1397, mai Tabsiratul Hukkami. Aikin Abdullahi shi ne ya zaɓo abin da ya dace da halin da ake ciki, ya taƙaita shi yadda sabon sarki ko sabon alƙali zai iya riƙewa, ya kuma ɗora masa nauyin sunansa. Ya sake komawa kan waɗannan batutuwa a Liya'us Sulɗani da Liya'us Siyasati.

Abin da ake nema ga mai hukunci

Koyarwar da Abdullahi ya isar tana da sassa da za a iya warewa.

Na farko, daidaita masu husuma. Mai ƙara da wanda ake ƙara su shiga tare, su zauna a wuri iri ɗaya, a dube su da ido ɗaya, a yi musu magana da murya ɗaya. Wannan tsohuwar ƙa'ida ce da malaman fiƙihu ke dangantawa da wasiƙar Halifa Umar ɗan Haɗɗabi zuwa ga alƙalinsa Abu Musal Ash'ari. Hikimarta a bayyane take ga duk wanda ya taɓa zama a zaure. In aka shimfiɗa wa attajiri buzu aka bar manomi a ƙasa, ko alƙali ya yi wa ɗaya fara'a ya ɗaure wa ɗaya fuska, to an gama shari'ar kafin a fara. Mai rauni zai rikice ya kasa faɗin hujjarsa, shaidunsa ma su karanta fuskar alƙali su ja baya.

Na biyu, kuɗi. Rashawa haramun ce ga sarki da alƙali da ma'aikaci, ko daga ɓangare ɗaya aka karɓa ko daga duka biyu, ko kafin hukunci ko bayansa. Kyautar talakawa ga mai mulki ma tana cikin wannan layi, domin ba don Allah ake kawo ta ba, kuma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wani abin da aka fi mantawa shi ne kuɗin da shugaba ke karɓa kafin ya naɗa alƙali ko hakimi. Magili ya lissafa shi cikin manyan zalunci, kuma dalilin a sarari yake: wanda ya sayi kujera zai nemi uwar kuɗinsa da riba a jikin masu ƙara. Maganin da fiƙihu ya tanada shi ne a zaɓi alƙali don iliminsa da tsoron Allah, a biya shi daga baitulmali abin da zai wadace shi, a kuma riƙa bincikar halinsa bayan an naɗa shi.

Na uku, buɗe ƙofa. Shugaba ba zai ce ya naɗa alƙalai ya huta ba. Ana so ya zauna kullum a inda kowa zai iya isa gare shi, har mata da yara, saboda sau da yawa ƙarar da talaka ke ɗauke da ita a kan alƙalin ne ko hakimin ko dogarin da ke bakin ƙofa. Magili ya maimaita a babi bayan babi cewa ɓuyan sarki ga talakawansa shi ne tushen masifa. Daga nan aka sami ofishin mai mayar da zalunci, wanda ke da ƙarfin da ya wuce na alƙali, domin ya karɓo haƙƙi daga hannun waɗanda alƙali ke jin nauyinsu ko tsoronsu.

Na huɗu, iyakar ƙarfin hukuma wajen bincike. A babin siyasar shari'a an yi gargaɗi ga ɓangare biyu: masu sakaci da ke barin haƙƙin mutane ya salwanta saboda sun ƙi duba alamomin da ke gabansu, da masu wuce gona da iri da ke fakewa da tsaron gari su yi zalunci. Ana bambanta wanda ake tuhuma da aka san shi da kirki, da wanda aka san shi da ɓarna, da wanda ba a san halinsa ba, kowane da yadda ake bi da shi. Mutumin kirki ba a taɓa shi a kan zargi kawai.

Saɓani da yayansa da ɗan yayansa

Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a watan Oktoba na 1808. A 1812 Shehu ya raba kulawar ƙasa: gabas ga ɗansa Muhammadu Bello, yamma ga Abdullahi, wanda ya zauna a Boɗinga. Yankin yamma ne ya haɗa da Nupe da Ilori daga baya, da kuma garuruwan da ke cikin Nijar ta yau irin su Sayi da Birnin Gaure.

A waɗannan shekaru Abdullahi ya ci gaba da tsananta wa masu mulki. Bai yarda a kira shugaban Musulmi da laƙabin da ke nuna mulkin gado ba, bai yarda da tufafin alfarma da kaɗe-kaɗen fada ba, yana tsoron kada imamanci ya rikiɗe ya koma sarautar da aka rusa. Shehu ya amsa masa a rubuce, a Misbahu li ahli hazaz zamani da Najmul Ihwani, inda ya nuna cewa malamai sun yi saɓani a kan wasu daga cikin waɗannan abubuwa, don haka bai kamata a ƙuntata wa jama'a ba. Muhawara ce tsakanin shugaban ƙasa da wazirinsa, a rubuce, kowa na kawo hujja, almajirai na kwafa suna karantawa. A ƙarshe Shehu ya shawarci mutane su lizimci littattafan ƙanensa, yana mai shaidar cewa shi ne mai tsayawa a kan zahirin shari'a.

Shehu ya rasu a Sakkwato a watan Afrilu na 1817. Kafin Abdullahi ya iso daga Boɗinga an riga an yi wa Bello mubaya'a, ya kuma tarar da ƙofar gari a rufe. Ya juya ya koma Gwandu. Bai ɗaga tuta ba, bai tara mayaƙa ba, duk da cewa yana da mabiya da girman da zai iya yin hakan. Abin da ya yi shi ne rubuta littafi a kan ƙa'idojin zaɓen shugaba, Sabilus Salama. Wajen 1820, da tawayen Kalambaina ya tsananta a kansa, Bello ya kawo masa ɗauki. Bayan an ci garin suka haɗu, Bello ya yi niyyar sauka daga doki don girmama baffansa, Abdullahi ya hana shi, ya gaishe shi a matsayin Sarkin Musulmi. Da wannan aka rufe ɓarakar da ta kusa raba daular biyu.

Sauran shekarunsa ya bar yawancin harkar mulki a hannun ɗansa Muhammadu da ɗan yayansa Buhari, ya koma ga karantarwa da rubutu. Tafsirinsa Liya'ut Tawili, wanda aka buga a Alƙahira a 1961, har yau ana karanta shi a zaurukan malamai da watan azumi. Ya bar manyan littattafai a nahawu da sarfu, irin su Bahrul Muhiɗi da Hisnur Rasini. Ya rasu a Gwandu a 1829, kuma a can kabarinsa yake. Allah ya jiƙansa.

Iyakar zamaninsa

Adalci ga tarihi ya sa a faɗi inda daidaiton ya tsaya. Abdullahi mutumin ƙarni na 19 ne, kuma fiƙihun da ya karantar bai soke bauta ba. Abin da ya yi yaƙi da shi shi ne bautar da ɗa, wanda shari'a ta haramta. Daular da ya taimaka aka kafa ta rayu a kan aikin bayi masu ɗimbin yawa, gaisuwa ta dawo fada, sarauta ta koma gado, har a Gwandu inda zuriyarsa ke mulki. Malam Abdussalami, Ba'are da ya kasance cikin manyan jama'a tun kafin hijira, ya yi tawaye a 1817 yana kukan zalunci da rashin adalci a rabon ƙasa, kuma ragowar mutanensa ne Abdullahi ya yaƙa a Kalambaina.

Duk da haka ya bar ma'aunin da za a iya auna kowa da shi, har shi kansa da gidansa. A arewacin Adar, a daidai wannan zamani, Muhammadu Jailani ya tashi da irin wannan kira a cikin Abzinawa, ya yi hulɗa da Sakkwato, Bello ya rubuta masa nasiha. Masanin tarihi Djibo Hamani, wanda jami'ar Tawa ke ɗauke da sunansa, ya bi diddigin wannan zamani a littafinsa kan tarihin Adar da ya fito a 1975.

Abin da ya shafi Adar ta yau

Turawan Ingila da suka ci Sakkwato a 1903 sun bar kotunan alƙalai suna aiki a ƙarƙashinsu. Faransa ta bi wata hanya, ta ɗora kwamandan a kan kujerar hukunci, malamai da dattawa suka koma masu ba shi shawara. Shi ya sa Nijar ba ta da kotunan shari'ar Musulunci a tsarin gwamnati irin na jihohin arewacin Najeriya. Amma tun dokar 1962, kotuna na amfani da al'adar masu ƙara a kan aure, saki, gado, wasiyya da rikicin gona, alƙali na zama da mataimaka masana al'ada. A Adar, wannan al'ada ta cuɗanya da fiƙihun Malikiyya ta yadda da wuya a raba su. Kafin a je kotu ma, yawancin rigingimu a gaban mai gari, hakimi ko malami suke ƙarewa, domin doka ta ba sarakunan gargajiya ikon sasantawa.

Ke nan mutanen da Abdullahi ya rubuta dominsu suna nan, sunan muƙaminsu ne ya bambanta. Masu ƙarar ma suna nan. Akwai matar da mijinta ya tafi ci-rani Abijan ko Libiya ya shekara uku ba aike, wadda fiƙihu ya ba ta damar kai kuka a raba auren saboda rashin ciyarwa, in ta sami mai sauraronta. Akwai makiyayin Abalak da manomin Keita da ke jayayya a kan burtali ko ɓarnar gona, a yankin da dokar 1961 ta ja iyakar noma ta arewa. Akwai marayun da baffa ya riƙe musu gado. Ga wanda ya fito daga Tasara ko Tiliya, kuɗin mota da kwanakin da zai yi a gari kaɗai sun isa su sa ya haƙura da haƙƙinsa. In ya iso, ana shari'a da Faransanci ta bakin tafinta, lauyoyi kuma yawancinsu suna Yamai. Don rage wannan giɓi aka kafa hukumar ba da agajin shari'a ta ƙasa, ANAJJ, a 2011.

Shari'ar Hadijatou Mani ta nuna abin da ke faruwa in ƙofofin kusa suka ƙi buɗuwa. An sayar da ita a 1996 tana ƴar shekara 12, a yankin Ƙonni. Bayan ta sami takardar ƴanci ta yi aure da wanda take so, sai ta tsinci kanta a kurkuku bisa zargin aure kan aure. Sai da ta kai ga kotun CEDEAO, wadda a ranar 27 ga Oktoba 2008 ta yanke cewa ƙasa ta gaza kare ta daga bauta, ta kuma ba da umarnin a biya ta diyyar miliyan 10 na sefa. Shekaru 200 kafin wannan hukunci, Abdullahi ya sa sayar da ɗa da lalacewar alƙalai a jeri ɗaya cikin abubuwan da suka sa ya bar sansani.

Ɗaliban shari'a a jami'ar Tawa suna karanta dokokin da aka gada daga Faransa, almajiran zaure suna karanta Risala da Muhtasar da Tuhfa. Liya'ul Hukkami littafi ne da ya kamata ɓangarorin biyu su haɗu a kansa, domin tambayoyinsa ba su buƙatar tafinta. Wa ya naɗa mai hukuncin nan, kuma me aka biya? Wa ke ciyar da shi? Ina matar da ba ta da ɗan rakiya za ta zauna in ta shigo? In shi ne ya yi zaluncin, wace ƙofa za a ƙwanƙwasa? Duk zauren sulhu ko kotun da ke da amsa mai kyau ga waɗannan huɗun, talaka zai shige ta ba tare da ya fara sayar da akuyarsa ba.